Madobiyar Iku

Gwaggona, ƙanwar babana, ita ke haɗa wa masu jego magani a unguwar Wambai, kuma bishiyar madobiya ɗaya tak ta rage mata, can unguwar Iku, a bakin wata tsohuwar gona. Tunda gwiwarta ta fara ciwo nake raka ta, ina tafe ina mita.

Tana da ƙa'ida. Ta sassaƙi ɓawo kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, ta dama laka ta shafe wurin. Kudu da arewa ba a taɓa su, ta nan bishiyar ke ci gaba da rayuwa. Ni abin da na tsana shi ne jan ruwan da ke tsattsafowa daga ciwon, sak jini.

Sai gidajen haya suka cinye gonar. 'Yan haya suka ji wai ɓawon na ƙara jini, kowa ya zo da addarsa. Wai don ladabi, ba su taɓa inda Gwaggo ta shafe ba, suka sassaƙe kudu da arewa. Ciwo ya haɗu da ciwo, ya zagaye gindin.

Ranar da muka tarar da haka, wata 'yar kudu mai sayar da kayan miya ta taryo mu da murmushi. "Mama, ba mu taɓa side ɗinki ba fa, at all."

Na buɗe baki zan zazzaga mata masifa, Gwaggo ta riƙe mini hannu. Na ɗaga kai. Bishiyar ta yi furen da ban taɓa gani ba, rawaya ko'ina, ƙudan zuma na ta kuka.

"Ai ga ta lafiya lau, Gwaggo."

"Ta mutu, 'yar nan. Labarin ne bai kai sama ba tukuna."

Da rana tsaka, muna tsaye ƙarƙashin gawa tana fure.

Muka yi ta komawa har 'ya'yan suka bushe suka zubo, Gwaggo na tsincewa tana ƙullewa a gefen mayafi. Damina ta sauka, ko ganye ɗaya bai fito ba. Gwaggo ma ba ta ga ƙarshen daminar ba. Na shuka irin da ta tsince a bokitin fenti, ɗaya ya tsiro.

Mai gidan da nake haya a unguwar Hashimi ya gani. "Malama, ban yarda da bishiya a gidana ba, saiwa na fasa siminti."

Na ce to, zan kai ta wani wuri, alhali ban san ko taku ɗaya na ƙasa da zan kai ta ba. Da ya fita na kama bokitin zan ɗaga, ya ƙi motsi. Na durƙusa na leƙa. Saiwar ta huda gindin bokitin, ta sami tsaga a simintin, ta shige.

Na jawo turmi na kare wurin. Har yau mai gida na zaton a bokiti take.