Wuyan Mashin ɗin Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka tsakanina da Baba sai gaisuwa. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana da magana, ƙanwarsa Gwaggo yake gaya wa ta gaya mini, ko da ina tsugune a gabansa. Haka na taso a ƙauyenmu Boko, abin bai taɓa damuna ba sai a daminar da na taɓa mashin ɗinsa.

Mashin ɗin ya kusa zama sa'ana, wuyansa kuma ya cinye. Boris ɗin da kan yake juyawa a kai sun haƙa wa kansu gurbi, in ka miƙe kan sai ya maƙale a tsakiya, sai ka sa ƙarfi kafin ya karkata. Na ce wannan ai ajali ne. Na sayo sabon boris a Kankiya, irin na yanzu mai kamar mazurari, ba 'yan ƙwallayen nan masu watsewa ba. Na aiki Gwaggo neman izini, ta dawo ta ce bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni da rawar kaina na ɗauki shirun a matsayin yarda.

A ƙofar gida na ɗora mashin kan turmi, na cire tayar gaba, na kwance kan. Ƙwallayen suka zubo cikin faranti baƙi ƙirin, wasu duk sun ɓantale. Tsofaffin zobban da suke zama a ciki suka ƙi fita, sai da na sa guduma da guntun rodi, suka fito a farfashe. Baba yana kan tabarma yana kallo, hadari yana ta haɗowa daga gabas.

Ina cusa giris a sabon boris na ga Baba ya ɗauki buta da hannun hagu, ta suɓuce. Ya sa hannun dama ya ɗauko na hagun ya aje a kan gwiwa, kamar kayan wani da aka ba shi ajiya. Na dubi Gwaggo da ke bakin zaure, ta kawar da kai. Ashe ta san hannun ya fara mutuwa.

Da na gama ɗaurewa, kan mashin ya koma juyawa da yatsa ɗaya. Aiki ya yi kyau, ni kuwa tsoro ya cika ni, don a lokacin na gane gurbin nan da na raina shi ne yake riƙe wa Baba hanya a miƙe. Ga shi da la'asar zai je ta'aziyya Kankiya, sai ya hau babban titi inda tireloli ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Na ja Gwaggo gefe na roƙe ta ta hana shi.

"Ni ba ni iya hwaɗa mashi," ta ce. "Kai kuma ba bakinka ba ne."

Bayan sallah ya naɗe babbar rigarsa ya hau mashin ɗin, ya ba shi wuta. Bai yi nisa ba kan ya zube hagu, da ƙyar ya tokare da ƙafa. Ya daɗe a haka, inji yana ta ƙara. Can ya ce wa Gwaggo ta tambayi wancan ko tsofaffin boris ɗin suna nan. Na kawo farantin na nuna, ya dubi farfasassun zobban ya gyaɗa kai.

Sai ya ja da baya a kan kujerar mashin ɗin, ya bar gaba ba kowa. Ya dube ni, ni da kaina, ba Gwaggo ba.

"Taho ka kai ni."

Na daɗe ina fatan ranar da zai yi mini magana kai tsaye, ban so ta zo haka ba. Muka hau hanya iska tana kaɗa gero, yayyafi ya fara. Hannunsa na dama ya damƙe rigata tamau. Na hagun yana lilo, duk ramin da muka shiga sai ya bugi cinyata, har muka isa Kankiya.