Yadda Yayana Ya Koya wa Kyarketai Cin Mandi

Abubuwa da yawa sun shige ni na manta da su, amma ban da shekarar da yayana ya zama mai ciyar da kyarketai. Har yau in na tuna sai na ji raina ya sosu.

A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife mu, iyayenmu ta Sudan suka shigo. Ni tasi nake ja. Shi kuwa Yaya, da aka rushe layin da shagonsa yake a unguwar Misfala, sai ya tattara abin da ya rage masa ya sayi tumaki, ya kafa garke a wani kwari a gindin duwatsu, kan hanyar Ɗa'ifa. Da tumakin nan yake ci da iyalinsa, ba shi da wata sana'a bayansu.

Mutanen Makka ba su son zubar da abinci a shara. Ni'ima ce, in ji su. Gurasa in ta bushe sai a ƙulle ta a leda a rataye a bango, masu dabbobi su kwashe. Yaya ya riƙe wannan al'ada fiye da waɗanda suka gaje ta. Da aikin Hajji ya zo, sai ya dinga bin gidajen abinci na Aziziyya yana karɓo ragowar mandi, wato shinkafa da nama, da alhazai suka bari, motata ce kuma ta sha ɗawainiya. In mun kai kwarin ya shanya shinkafar saboda tumaki, ƙasusuwa da guntayen nama kuma ya watsa su bayan garke. Na yi masa ƙorafin wari, ya ce sadaka ce ga halittun Allah, tsuntsaye su ci ya sami lada.

Ashe ba tsuntsaye kaɗai ke ci ba. A da makiyayan Larabawa sun kusa ƙarar da kyarkecin duwatsun nan, wanda suke ce wa dib. In sun harbe shi sai su rataye gawar a itace a bakin hanya. Daga baya hukuma ta hana kashe shi, ya fara dawowa. Mun ji labarin, amma mun ɗauka maganar mutanen saman dutse ce.

Alhazai suka watse, mandi ya ƙare. Wata la'asar muka isa garke da buhunan sha'ir kawai, sai na hango kyarketai guda biyu tsaye kan wani dutse, ramammu, kalar ƙasa. Ko motsi ba su yi ba. Motata suke kallo, kamar fasinjan da ya san lokacin zuwan direbansa. Na ce, "Yaya, ga baƙinka can fa, sun zo cin abinci." Ya ce karnuka ne, in rage surutu.

Ba a jima ba ya buga mini waya da sassafe. Kyarketan sun tsallake wayar da ya kewaye garken da ita, sun farke wata tunkiya mai ciki, sun tafi da 'yan raguna. Ko da na isa, ya riga ya rantse sai ya sa musu guba, ya rataye su a bakin hanya kamar yadda ake yi a da. Har da ja mini fatawa, wai ko wanda ya ɗaura harami an yarje masa ya kashe dabba mai cizo.

Na ce, "Yaya, malam ya yarje, hukuma ba ta yarje ba. Mamnu'i ne, doka ta hana. Da iƙama, takardar izinin zama, muke zaune a ƙasar nan, kada ka ja mana abin da ya fi asarar tunkiya."

Ni na kira ma'aikatan kula da namun daji. Wani matashi ya zo da farar jallabiyarsa tas, ya tsaya a kan gawar tunkiyar yana yi mana bayanin amfanin kyarkeci, wai shi ke rage biran da suka addabi hanyar Ɗa'ifa. Wallahi na ji kamar in rufe masa baki. Mutum ya yi asara kana yabon ɓarawonsa a gabansa! Da ya zaga bayan garke ya ga tulin ƙasusuwa, sai ya ce wa Yaya, "Ya ammi," wato baffa, "ai kai ka gayyace su." Ya ce a binne ƙashin, a ɗaga katanga, a nemo karnukan gadi. Yaya ya ce kare ba zai kwana a wurinsa ba, halas, magana ta ƙare.

Na zaci an gama, ashe wata dabara yake saƙawa. Wai tunda yunwa ce ke kawo su, to a ƙosar da su. Ya koma gidajen abinci yana roƙon ƙashi, yana kaiwa can nesa da garke yana zubarwa. Na hana motata, ya ɗauki hayar wata. Na yi magana, matarsa ta yi, ya toshe kunne. Kafin wata ya zagayo, biyun nan sun kawo danginsu har da 'yan ƙanana. Ranar da ƙashi ya yanke, suka shiga suka kashe babban ragonsa, uban garken.

Sai da ya sayar da kusan rabin tumakin kafin ya iya gina katangar bulo da ƙofar ƙarfe. Ina wurin ranar da mai saye ya zo. Ana loda su a mota suna kuka, Yaya ya juya musu baya ya zauna kan buhun sha'ir. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni na kira kyarketan nan, ko?"

Na daɗe ina jiran ranar da zan ce masa ai na faɗa maka. Ranar ta zo, amma sai kawai na zauna kusa da shi.

Kyarketai suna nan a duwatsunsu, doka na tsare da su, tumaki kuma suna bayan katanga. Abin da na koya shi ne, niyya mai kyau ba ta isa ita kaɗai ba. Kafin ka ajiye alheri a ƙofar gidanka, ka fara duba wanda zai zo ɗauka, da abin da zai ci ranar da ba ka da abin ba shi.