Ceɗiyar da Baba Tsoho Ya Koya wa Sunkuyo

Shekarar da gyaɗa ta yi kyau, mutanen garinmu suka kai ta Kano suka dawo da gishiri da kananzir da alawayyo. Kakana, wanda duk gida muke kira Baba Tsoho, ya dawo da gwangwani. Gwangwanin biskit ne, kuma ko ɓurɓushin biskit ɗin babu a ciki, don na leƙa, na shinshina, har na lasa. Wani kukun gidan Bature ne ya ba shi.

Abin da ya ja hankalinsa hoton da ke jikin murfin ne. An zana gida mai bene da koren fili, a tsakiyar filin ga wata bishiya wadda ban taɓa ganin irinta ba. Rassanta ba sa tashi sama, zubowa suke yi ƙasa kamar gashin Bafulatana in an tsefe shi an jiƙa, ganyen kuma sirara kamar allura. Kukun ya gaya masa a ƙasar sanyi ake shuka ta, kuma ba a cin komai nata, kallo kawai ake yi.

Kakata Iya ta karɓi murfin ta jujjuya. Ta tambaya ko ana miya da ganyen, ya ce a'a. Ta tambaya ko sassaƙenta na maganin shawara, ya ce a'a. Ta ce to ko icen girki. Ya ƙwace murfinsa ya ce ita komai sai ta kai shi murhu, manyan mutane kuwa suna da bishiyar da aikinta kawai ta yi kyau, kuma shi ma sai ya yi tasa kafin ya mutu.

Tunda ba mu da ƙasar sanyi, sai ya nemi ceɗiya. Ya saro reshe daga ta ƙofar masallaci ya kafa a tsakar gida, daidai inda duk wanda ya fito daga zaure zai fara gani. Ceɗiya ba ta da wuyar sha'ani, ko sanda ka manta a ƙasa da damina sai ka dawo ka tarar ta yi ganye. Ta kama, ta yi tsawo, ta miƙa rassa sama kamar mai roƙon ruwa. Baba Tsoho ya tsaya da murfi a hannu, ya dubi hoto, ya dubi ceɗiya, ya ce wannan yarinya ba ta da tarbiyya.

Nan aka shiga maganar duwatsu. A ƙasarmu ta Roni dutse ba abin nema ba ne, kana tafiya ma shi ne zai nemi ɗan yatsanka. Ya tuƙa igiyoyin rama, ya riƙa ɗaura wa kowane reshe dutse a baki don ya saba da kallon ƙasa. Ni ce mai zaɓo duwatsun, don ya ce ni amaryarsa ce, ni kuwa na ce ba na son miji mai lilo da tsakuwa. Ba a jima ba ceɗiya ta zama kamar 'yar talla da ta sha 'yan kunne. In iska ta kaɗa sai ka ji ƙwas, ƙwas. Maƙwabciyarmu ta daina shigowa aron wuta, wai an rataya wa bishiyar asiri. Mai unguwa da kansa dutse ya same shi a goshi ranar da ya zo gaisuwa, ya tafi da rawani a karkace.

Baba Tsoho yana da aboki tun suna samari, wani Bafulatani daga rugar da ke hanyar Gwiwa, muna kiransa Baffa. Mu asalinmu Barebari ne, saboda haka ba su taɓa gaisawa ba tare da kowa ya ce ɗayan bawansa ne ba. Ranar da Baffa ya fara ganin ceɗiyar, sai da ya dafa sandarsa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce tun da aka halicci akuya kowa sare rassan ƙasa yake yi don bishiya ta tsere wa bakinta, sai ga Babarbare ya zauna yana sauko mata da abinci da hannunsa, saura kawai ya shimfiɗa mata tabarma.

Akwai mutane a zaure, kuma sun yi dariya. Baba Tsoho ya miƙe ya gyara riga.

"Wallahi," ya ce, "duk dabbar da ta ci ganyen bishiyar nan, ranar za ta kwana a tukunya. Ko ta waye."

Ba wanda ya ambaci suna, amma kowa ya juya ya kalli jar akuyar Iya.

Akuyar nan sai na yi muku bayaninta. Ta taɓa cin hular Baba Tsoho, ta bar masa zare. Ta taɓa hawa rumbu, har yau ba a san ta inda ta bi ba. In ka ajiye ƙullun koko ka juya ka yi atishawa, sai dai ka wanke ƙwarya. Amma jikar jikar akuyar da Iya ta zo da ita ce daga gidansu na Babura, kuma shekarar da ciwo ya shiga awaki ita kaɗai ta rage. Iya takan yi hira da ita fiye da yadda take yi da mu. Ita ce abu ɗaya a gidan nan da Iya take cewa nata ne tun daga gidan ubanta.

Daga ranar rantsuwa akuya ta koma zaman ɗaki. Iya ta kafa mata turke a bayan gadonta, tana kai mata harawa da dusa kamar mai jego. Rassan ceɗiya kuwa kullum ƙara saukowa suke yi. Ni dai na riga na san ɓangaren da nake. Nakan leƙa ɗakin in latsa haƙarƙarin akuya in ce ta yi kitse, in tambayi Iya ko za ta bar mini hanta. Sai ta biyo ni da muciya har zaure tana cewa in Allah ya yarda ni za a fara dafawa. Wata rana da hantsi igiyar ta kwance, akuya ta fito a guje, Iya ta bi ta ba ɗankwali, ta cafko ƙafarta ta baya saura taki kaɗan ta kai ga ganye. Ta zauna a ƙasa tana haki, ta rungume akuyar ta ƙi saki. Ranar ban yi maganar hanta ba. Washegari dai na ci gaba, amma a hankali.

Sai ga saƙo cewa Baffa zai zo sallar Juma'a garinmu ya biyo gida. Baba Tsoho ya tashi da niyyar rufe masa baki. Ya kwance ƙananan duwatsu ya ɗaura manya, har ɗan dutsen niƙan Iya ya ɗauke ya rataya a babban reshe. Sannan ya tuna yana da wani abin nunawa, wato ragon layyarsa, fari ƙal, wanda ya daɗe yana kiwo da hannunsa don Babbar Sallah, yana ba shi gishiri a tafin hannu. Ya wanke shi, ya kafa masa turke kusa da ceɗiya don baƙo ya ga kyau biyu a kallo ɗaya. Ya ja ragon iya tsawon igiya, ya ga bakinsa bai kai ganye ba, ya ce madalla, ya saɓa babbar riga ya tafi masallaci. Ni da Iya muka ja ƙofar ɗakin akuya muka tafi barkar haihuwa.

Abin da bai lissafa ba shi ne, ɗanyen reshe ba ya gama sunkuyawa a take. Rana ta buɗe, manyan duwatsu suka yi ta ja, rassa suka yi ta sauka.

Kusan tare muka iso ƙofar gida, mu da su. Baba Tsoho na gaba yana gaya wa Baffa ya shirya idanunsa. Ya fita daga zaure ya tsaya cak. Ceɗiya ta sunkuya kam, daidai yadda take a murfin gwangwani, sai dai duk ɓangare ɗaya tsirara yake, sanduna ne kawai da duwatsu suna lilo.

Bai ko waiga ba ya ce a kawo masa wuƙa, a fito da jar akuya.

Iya ta wuce ta tura ƙofar ɗakinta. Ga akuya a turkenta tana tuƙa, tana kallonmu kamar liman. Sannan Iya ta dawo ta tsaya gaban rago. Bakinsa da gemunsa duk farin ƙaron ceɗiya ne, ga guntun ganye ya manne masa a hanci, cikinsa ya yi tim kamar ganga.

"Malam," ta ce, "wace wuƙar za a kawo, babbar ko ƙaramar?"

Baba Tsoho ya fara bayani. Ya ce shi da ya ce dabba, akuya yake nufi. Baffa ya ce shi dai yana wurin, ya ji an ce ko ta waye, kuma in bawansa ya tsufa ba ya iya kayar da rago, shi zai riƙe masa ƙafafu don zumunci. Baba Tsoho ya ce a kira liman. Liman ya zo ya ce akwai kaffara in yana so. Baba Tsoho ya dubi mutanen da suka cika zaure, waɗanda a gabansu ya rantse, ya dubi Baffa da ke murmushi a kan sanda, ya ce shi Bafulatani ba zai ga ranar da ya janye magana ba.

Haka muka yi sallarmu tun watan bai tsaya ba. Na ci nama har na kasa sunkuyawa, ni da aka haifa da baya mai lanƙwasa. Iya ta soya hanta ta kai wa Baba Tsoho a akushi, ta tsuguna ta ce ya ci ya huce, sannan ta je ta kwance ɗan dutsen niƙanta daga reshe.

Ceɗiyar ta sake ganye da damina, kuma gaskiya ta yi kyau. Sai dai Baba Tsoho ya zagaye ta da ƙaya, ya ƙara da zana, ya sake ƙarawa, har ya zama duk mai son ganinta sai ya hau kan turmi. Jar akuya ta koma yawonta a tsakar gida, ta haifi tagwaye, Iya ta ba ni macen. Jiya ma 'yar akuyar tawa ce ta cinye masa sabuwar hula.