Kwanon Zogalar Atika a Ƙofar Reya

Atika mutuniyar Jiratawa ce, shekara ashirin tana saida kwaɗon zogala a Sabon Gari, kullum da safe ta hau kabu-kabu da roba a cinya ta shigo Maradi. Mijinta Zakariya'u ke ban ruwa a garka, ita ke tsinka ta dafa. Abin da ta sani kenan, in mutum ya kwanta a ba shi abinci ya tashi.

To sai ga Zakariya'u ƙaya ta soke shi a ƙafa, ƙafa ta kumbura, zazzaɓi, kwana huɗu ba ya gane kowa. Aka kai shi asibiti, aka sa shi ɗakin da suke ce ma reya, na waɗanda ciwo ya yi ma tsanani, tiyo a hanci tiyo a hannu, na'ura sai ƙara take.

Lokotoro ya fito da takardar gwajin jini ya ce ma Atika, "Inna, jikinshi garin faɗa da ciwon yana fidda wani dafi mai cin naman jiki, abin da ke kashe dafin kuma ya kusa ƙarewa. In ciwo ya ƙaru dafin ma ƙaruwa yake."

"Abin nan da ya ƙare, ina ake samunshi?"

"Jiki na yin wani, wani kuma daga abinci, ganye haka."

Ganye! Kanta ya ɗaure. Ita da ke ciyar da rabin Sabon Gari ganye, a ce na mijinta ya ƙare? Kuma ga shi kwance ko kunu ba su ba shi ba? Ta koma gida ta dafa zogala ta tace ruwan, ta ɓoye ɗan kwano a hijabi.

Da lokacin dubiya ya yi ta shiga, ta buɗe mishi baki, cokali ya kusa leɓe kenan sai majo Abigail, babbar ma'aikaciyar ɗakin, ta cafke hannunta.

"Ke Inna! Kashe shi za ki yi? Ba ya iya haɗiya, huhu zai tafi!"

"Ɗiyata, ba ku kuka ce ganye ba?"

"Ba yanzu ba, kuma ba ta baki ba! Muna ba shi ta tiyo."

"Wannan farin ruwan ne abinci?"

Abigail ta yi tsaki, ta ce in ta ƙara ganin kwano, Atika ba ta sake taka ɗakin nan. Minti biyar za a ba ta, hannu wofi, ko ta zauna waje.

Washegari ta zo da kwanon dai, don ita ba ta taɓa zuwa dubiya ba komi ba, abin kunya ne. Ta tsaya bakin ƙofa tana juya shi, har yanzu ba ta gane yadda abinci ke kashe mai yunwa ba. Abigail na kallonta. Atika ta aje kwanon ƙasa kusa da takalmanta, ta wanke hannu ta shiga. Ta rasa abin da za ta yi da hannuwan, sai ta kama mishi ƙafar mai lafiya ta riƙe har minti biyar ɗin suka cika.