Mai Wayfai Ya Leƙa Wayar Ƙanena

Har yau in na tuna mutumin nan mai sayar da wayfai a bakin injin shinkafa a Kura, sai raina ya ɓaci. Ya kafa dogon ƙarfe a kan shagonsa, kowa na sayen intanet a wurinsa don ta fi data araha. Ashe duk shafin da ka buɗe, sunan shafin na fitowa a kwamfutarsa.

Ƙanena manomin rani ne, an sa ranar aurensa bayan girbi. Ya daɗe yana shan ƙwaya, wadda ya fara don ya jure aikin gona. Ni kaɗai na sani. Shi da kansa yake neman dainawa, yana buɗe shafin wani asibitin masu shaye-shaye a wayarsa. Ɗan banzan nan ya gani, ya kai majalisar mai shayi yana ƙyaƙyata dariya. Kafin la'asar zance ya isa gidan yarinyar da zai aura.

Ina cikin turara shinkafa aka ce in zo da gudu. Na tarar ƙanena ya taho daga gona da sandar bugun shinkafa. Ya nufi shagon mai wayfai. Ya sauke masa ita a kafaɗa, ya ƙara masa a baki, haƙora suka zube a dakali. Ya farfasa kwamfutar, ya ja mutumin kiii har bakin kanal, ya danna masa kai cikin ruwa. Sai da ƙarti suka taru suka ɓamɓare shi. Wallahi ban ji tausayin mutumin ba.

A ofishin 'yan sanda na tambayi jami'in, "Ranka ya daɗe, shi leƙen wayar mutane ba laifi ba ne?"

Mai wayfai, baki a kumbure, ya ce, "Ruwan kanal in ya bi ta gonata ai dole in gan shi. Layina ne."

Na ce, "Shi ruwan, talla kake kai shi majalisa, munafuki?"

Jami'in ya ce akwai doka a kan leƙen waya, amma sai da lauya da hujja, hujjar kuwa tana cikin kwamfutar da aka farfasa. Shi jini ga shi nan a riga, kowa ya gani.

Ƙanena aka rufe. Da na kai masa tuwo, ya tambaye ni ko yarinyar ta aiko da saƙo. Na ce ya ci abincinsa tukuna. Da safen ranar kuwa kawunta ya riga ya dawo mana da kayan sa rana a cikin a daidaita sahu, ko ƙullin goron ba a kwance ba.