Waƙar da ta kai ni Nguru

Ranar da muka gama jarrabawa na raka abokin ɗakina tashar Gashuwa, zai koma gida Nguru. Shekara guda muna faɗa a kan waƙa. Ni ɗan gambarar zamani ne, shi kuwa sai na soyayya masu sa barci. Muna jiran mota ta cika ya cusa min iyafis ɗaya a kunne.

"Baaba, saurari wannan, in ka raina ka mare ni."

Wani yaron unguwarsu ne ya rera, Hausa da Barbarci a cakuɗe, ganga a ƙasa tana dukan ƙirji. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Waƙar ba ta intanet, a wayarsa kawai take.

"Turo min, yanzu-yanzu!"

Na kunna bulutut, ta fara shigowa kamar hawainiya. Sai ga wata mata da buhun busasshen kifi, mota ta cika. Abokina ya shige, ɗan kamasho ya buga ƙofa, direba ya tayar. In suka yi nisa turawar ta yanke, sai kuma bayan hutu. Na bi motar da gudu, wayata a jikin gilashi, silifas ɗaya ya cire.

"Kai ɗan samari, shiga za ka yi ko mutuwa?" in ji direba.

Ya taka birki aka buɗe ƙofa, na faɗa kan cinyar mutumina, fasinja suna ta dariya. Kafin mu fita gari waƙar ta gama shigowa. Ban sauka ba. Har Nguru muna maimaita ta, ƙafata ɗaya ba takalmi.