Rabi da Ɗaya Bisa Uku a Turmin Mama Wandoo

Hembadoon tela ce a kasuwar Lafia, 'yar Tibi daga Agyaragu, kowa Mama Wandoo yake ce mata. Ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba, amma kallo ɗaya za ta yi wa mace ta faɗi yadin da zai ishe ta. Zuciya kuwa a kusa take, ba ta da kwana-kwana.

A 2003 'yarta Wandoo ta dawo daga firamare da shatar bulala a ƙafa, ga takardar jarrabawa a hannu. Maki biyu kacal suka hana ta shiga aji shida. Ubanta Tyav kuwa ba ya magana biyu: wadda ta faɗi, gonar doya a Agyaragu za ta koma. Haka ya yi wa yayarta Erdoo shekara huɗu baya.

Tambayar da ta kayar da Wandoo ita ce a tara rabi da ɗaya bisa uku. Wandoo ta rubuta biyar bisa shida. Ticha Aloysius ya soke da jan biro, ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya sa biyu bisa biyar. Da yarinyar ta yi gardama ya zane ta. Jahilci da bulala a hannu, ina abin da ya fi wannan ciwo?

Washegari Mama Wandoo ta rufe shago, ta ɗauki turmin atamfa da almakashi, ba ta zame ko'ina ba sai ofishin hedimasta. Aka kira Ticha Aloysius, ya shigo yana hura hanci.

"Madam, wannan lissafin boko ne, ba ɗinki ba," in ji shi.

"To, Ticha, turmi yadi nawa ne?"

"Shida."

Ta shimfiɗa atamfar a kan tebur, ta yanke yadi uku. "Ga rabi." Ta sake yanke biyu. "Ga ɗaya cikin uku. Ƙirga da bakinka."

Ticha ya kau da kai. Hedimasta ne ya ce biyar.

"Biyar cikin shida. Ni jahila ce, na yarda. Amma gaya mini, a wace ƙasa ake ƙara wa rabi abu ya dawo bai kai rabi ba? Da ni na yi wa matarka wannan awon, ɓarauniya za ka kira ni."

Hedimasta ya share gumi, ya ɗauki biro ya gyara makin nan take. Wandoo ta tsira, aji shida ya tabbata. Da a nan aka tsaya, da Mama Wandoo ta tafi gida tana dariya. Sai Ticha Aloysius, don borin kunya, ya yi gunaguni: "Shekara tara haka nake koyar da aji biyar, ba wanda ya taɓa zuwa."

Mama Wandoo tana naɗe atamfar ta tsaya cak. Ta ƙirga shekarun da yatsu. Ta tuna Erdoo ta dawo tana kuka, tana rantsuwa ita ce da gaskiya, ita kuma uwar da hannunta ta ƙara mata mari, ta sa ta a motar Agyaragu.

"Erdoo Tyav," ta ce. "A ajinka ta faɗi. Ita wa zai gyara mata?"

Ticha ya ce shi bai ma tuna sunan ba.